Ganyen Darbejiya a Hannun Jarka

Ni na rubuta takardar da ta sa aka karɓe makullin famfo daga hannun tsohon nan. Da hannuna na rubuta ta, da jan biro ma, don shi na tarar a aljihu bayan na gama duba jarrabawar ɗalibai. Na fara da faɗin haka ne saboda zan zagi mutanen garinmu a nan gaba, kuma ba na so a zaci na tsame kaina.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Gagarawa zuwa Gumel, inda ruwa ya yi wa mutane nisa a ƙarƙashin ƙasa. Muna yara mun ja guga har tafin hannunmu ya yi kanta. Ranar da aka gama mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe, aka fitar da kan famfo huɗu, aka zagaye da waya aka sa ƙofa da kwaɗo, sai da mata suka rangaɗa guɗa. Makullin kuwa ba a yi taro a kansa ba. Tsohon da gidansa ya fi kusa aka miƙa wa. Mahaƙin rijiya ne a zamaninsa, ƙasa ta taɓa rufto masa a ƙugu, shi ya sa yake tafiya a karkace. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda bai ba su shekara biyar ba. Ya zura makullin a zare ya rataya a wuya.

Sau biyu yake buɗewa, da hantsi in tanki ya ɗauki ruwa, sai kuma bayan la'asar. A hannunsa jarka ita ce mutum. Ka fito daga sallar asuba ka ajiye taka a bayan wadda ka tarar, ka tafi sabgarka. In layi ya matsa, wanda ke kusa ya matsar maka da ita. In ta kai bakin famfo ba ka nan, a cika ta, a rufe, a ja maka ita inuwa. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da adabi a sakandaren da ke garin gaba. Shekaru na yi ina barin jarkoki biyu da safe, in hau keke, in dawo bayan an tashi in tarar da su cike. Ban taɓa tambayar wa ya cika ba. Ko godiya ban taɓa yi wa kowa ba, don ban ɗauka abin godiya ba ne.

Akwai jarka ɗaya da ba ta bin layi. Gidan da aka yi haihuwa, mai jego tana bukatar ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, kuma ruwa ne mai yawa. Da ganyen darbejiya ake yi mata wankan, to sai a tsinko reshe ɗaya a ɗaura a hannun jarkar gidan. Duk wanda ya ga ganyen nan ya san labari. A yi barka, a buɗa hanya, ta wuce gaba. Ban san wanda ya fara wannan ba, amma Baba ya riƙe shi kamar farilla. Matan rugar da ke yamma da mu, waɗanda kakannina ma a nan suka tarar da kakanninsu, su ma haka suke zuwa da jakunansu su shiga layi ɗaya da kowa, ganyensu kuma ganye ne.

Kada in mai da tsohon nan waliyyi, don ba shi ba ne. Mutum ne mai nawa, mai baƙar magana, ga kunne ɗaya ba ya ji. In mutum biyu suka yi gardama kan wa ya riga wa, sai ya rufe famfunan nan huɗu ƙaf, ya zauna a kan saiwar darbejiyar wurin, ya ce kowa ya faɗi nasa. Mutum hamsin a rana suna soyuwa, shi yana cewa, "To, kai da ka zo, wace jarka ka tarar a gabanka? Shuɗiya ko ruwan ɗorawa?" Sai an kira shaida, shaida ya kira shaida. Na sha tsayawa ina cizon leɓe ina cewa a raina wannan ba shugabanci ba ne, azabtarwa ce.

Sai injin rijiyar ya lalace. Baba ya ce ba za a taɓa shi ba sai an ji ta bakin kowane mai gida, tunda na kowa ne. Ya bi gida gida da ƙafarsa ta karkace. Wani ya tafi cin rani, a jira shi. Wani yana Maigatari, sai ran Juma'a. Mako uku muka yi muna komawa tsohuwar rijiya muna jan ruwa mai kalar kunu.

A mako na uku wani matashi a unguwarmu, mai fataucin awaki, ya hau babur ɗinsa da safe bai shawarci kowa ba. Kafin azahar ya dawo daga Gumel da mai gyara a bayansa. Kafin la'asar ruwa yana zuba. Na ga abin ya burge ni ƙwarai. Mutum ne mai fara'a da kyauta, muryarsa tana kai wa ƙarshen gari, in yana wuri sai ka ji kamar wani abu zai faru. Da yamman nan a majalisa ni na fara cewa, "Ga irin mutanen da ake ba makulli." Aka ce to Malam, kai ne mai alƙalami.

A lokacin ina koyar da wani tsohon littafin Turawa da ke cikin manhajar jarrabawa, ƙagaggen labari kan wata jama'a da ta rabu tsakanin shugaba mai bin ƙa'ida da shugaba mai nuna ƙarfi, har ta kai suna abin da dabba ma ba ta yi. Kowace shekara sai wani ɗalibi ya tambaye ni, da ni ne a cikinsu wa zan bi. Ni kuma in gyara tsayuwa in ce ai mai ilimi ba ya bin hayaniya. Da wannan bakin na zauna na tsara wa mai gari takarda, na cika ta da kalmomi irin su ci gaba da zamani da sabon jini. Bayan sallar Juma'a aka karanta. Baba bai ji rabinta ba sai da aka maimaita masa a kunnen kirki. Ya ciro zaren daga wuyansa, ya kwance makullin ya miƙa wa matashin, ya mai da zaren aljihu.

Tsohon ba shi da wani suna na muƙami. Sabon kuwa tun ranar farko ya zama Ciyaman.

Dokarsa ta farko ni ma na yaba da ita. Ya ce jarka ba mutum ba ce, wanda ke son ruwa ya tsaya da ƙafarsa. Gaskiya akwai masu jera jarka goma su tafi barci, na kuma ga kamar an yi maganinsu. Sai da Litinin ta zo na tuna ni ma ina cikin waɗanda ba sa iya tsayawa. Na dawo daga makaranta na tarar da nawa biyu a jefe a bayan waya, babu ko ɗigo. Tsofaffi da masu ciwon ƙafa da masu fita gona da sassafe duk haka ta same su. Ba mu yi magana ba. Ni dai kunya ta hana ni, tunda ni na kawo shi.

Daga nan ya ware famfo ɗaya ga waɗanda suke taya shi, wato abokan hirarsa. Ya ce masu wahalar aikin ai sun cancanta. Saura uku. Bayan wata biyu ya ce 'yan gari su fara, baƙi su jira. Muka kalli juna muna neman baƙin, ashe mutanen ruga yake nufi da na unguwar bayan makabarta. Ba wanda ya musa, domin duk wanda ke tsaye a wurin ya lissafa ya ga layinsa ya ragu.

Abin da ya fi kashe mu shi ne lokaci. Ciyaman ɗan kasuwa ne, yau yana Maigatari, gobe Ɗanzomo, makulli yana aljihunsa. Ba hantsi, ba la'asar, sai lokacin da ya dawo. In ya shigo gari sai ya danna hon ɗin babur sau uku. Wallahi na ga dattawa masu furfura suna gudu da jarka saboda hon. Wanda ba ya san yaushe za a buɗe, bai kuma san yaushe za a rufe ba, ba ya tsayawa a bayan kowa. Layi ya zama dandazo. Shi kuma sai ya hau kan dakalin tanki yana kallo yana dariya, yana yi wa masu ƙarfi kirari. Wanda ya ratsa mutane da kafaɗa ya kai baki, ya ce masa namiji. Wanda aka ture ya faɗi, ya laƙaba masa suna, sunan kuma ya bi shi har kasuwa. Bai taɓa dukan kowa ba, bai taɓa cewa a doki wani ba. Abin da yake yi wa dariya kawai muka lura da shi, muka riƙa yi.

Ganyen darbejiya bai soke shi ba. Da ma soke shi ya yi. Wata rana wani abokinsa, tuzuru da ko budurwa ba shi da ita, ya ɗauro reshe a jarkarsa ya taho yana rangwaɗa yana cewa a ba mai jego hanya. Ciyaman ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a ba ta hanya mana. Washegari mutum biyar suka ɗauro. Kafin mako ya zagayo, darbejiyar bakin famfo an tsige ta iya inda hannu yake kaiwa. Ni ma na ɗaura sau ɗaya. Matata tana da ciki wata bakwai a lokacin, na ce wa kaina ai saura ƙiris, ba ƙarya ba ce sosai.

Ta haihu a tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Ɗanmu na fari, bayan shekara shida muna jira. Gwaggonta ta zo daga Sule Tankarkar don yi mata wanka, mace ce da ba ta san wasa ba. Jarka huɗu take so kullum, ban da na sha da na girki. Kwana biyun farko maƙwabta suka taimaka da abin da ke randunansu. Rana ta uku Ciyaman ya kwana a hanya, ba a buɗe ba. Rana ta huɗu da safe gwaggo ta tare ni a zaure, ta ɗaga murfin tukunyar wankan ta nuna mini ita a bushe.

"Malam, yarinyar nan jiya da ruwa rabin bokiti na gasa ta. Ɗanyen jiki gare ta. In wani abu ya same ta, ka san abin da za ka gaya wa ubanta."

Ban je makaranta ba ranar. Na ɗaura ganye a jarkokina, na gaskiya wannan karon, na je na tsaya a bakin waya tun hantsi. Duk jarkar da na duba da ganyenta. Na ce wa na kusa da ni, ni fa da gaske ne, an yi mini haihuwa. Ya ce, "Allah ya raya, Malam. Ni ma tagwaye aka yi mini." Aka fashe da dariya.

Sai bayan azahar muka ji hon. Ana buɗe ƙofa muka afka. Ban san ina da ƙarfi haka ba. Na sa gwiwar hannu, na taka ƙafar wani, hulata ta faɗi ban waiwaye ta ba. Da na kai bakin famfo na tarar da wata mata 'yar ruga ta riga ni, ta ratso ta ƙarƙashin hannuwan maza ta kafa jarkarta. Za ta yi sa'ar yayata, siririya, da tsagar kalangu a kumatu. Ta rungume jarkar da hannu biyu, ruwa ya kai rabi, tana ta faɗa wa wanda ba ya sauraro, "Mai jego ce da ni. Don Allah, mai jego ce."

Tanki ya fara wannan ƙarar da yake yi in ruwa ya kusa ƙarewa. Na kama hannun jarkarta na fizge. Na ce, "Kowa ma mai jego ne da shi!" Na yi wurgi da ita ta saman kawunan mutane. Matar ta biyo jarkar ta zame a taɓo ta faɗi zaune, ɗankwalinta ya cire. Na kafa tawa.

Daga kan dakali na ji muryar Ciyaman. "Kai! Yau Malam ya shigo gari!" Aka yi shewa, wani ya bubbuga mini baya, wani ma da kansa ya miƙo mini jarkata ta biyu. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne daɗi na ji. Daɗi sosai, tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Shekara da shekaru ana gaishe ni da Malam daga nesa, ranar nan ce na ji an karɓe ni. Na cika huɗu, ba wanda ya tare ni.

Da na juyo na ga Baba a wajen waya. Shi ma da jarkarsa ya zo, bai ko gwada shiga ba. Ya je a karkace ya ɗauko ta matar, wadda ta tsage a gindi, ya kakkaɓe ya miƙa mata. Ta ɗaura ɗankwalinta ta kama hanyar yamma. Da yamman nan matata ta yi wanka da ruwa isasshe, ta leƙo tana tururi ta ce mini sannu da ƙoƙari. Gwaggo ma ta sa mini albarka.

Washegari na shiga aji, darasin littafin nan ne. Na rubuta kan magana a allo, na juyo na ga yara arba'in suna jira in gaya musu yadda mutane ke zama dabbobi. Na ce su karanta da kansu, kaina yana ciwo.

Bayan suna na je wurin Baba. Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na matsa kusa da kunnen da ke ji na ce, "Baba, mun yi kuskure. Zan sake rubuta takarda a dawo maka da makulli."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai yanzu za ka iya ajiye jarka ka tafi makaranta?"

Na ce a'a.

"To wa zan riƙe wa makullin? Ni ba na tsare ruwa, Malam. Ku kuke tsare wa juna, ni zama kawai nake yi a wurin." Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Matar nan da gaske take. 'Yarta ce ta haihu, kwana biyu bayan matarka."

Na taso na koma gida. Na yi niyyar zuwa rugar, na sayi sabuwar jarka ma don in kai mata. Kullum sai in ce gobe. Jarkar ta shiga cikin namu, aka ci gaba da ɗiba da ita. Mutanen ruga kuwa daga makon nan suka daina zuwa famfonmu, suka koma wata rijiya mai nisa ta wajen iyaka.

Ciyaman ya daɗe da barin makulli, ya shiga siyasa, ana kuma sonsa. Makullin ya bi hannu uku bayansa, cikinsu har da mutumin kirki ɗaya da ya yi ƙoƙarin dawo da layi. Kwana huɗu abin ya yi. Ba wanda ya yarda ya juya wa jarkarsa baya, don kowa ya san abin da shi kansa zai yi in ya tarar da ta wani ba mai ita. Da na ɗauka in mugun shugaba ya tafi abin da ya ɓata yana dawowa. A garinmu bai dawo ba, kuma ban ga alamar zai dawo ba. Yaran da aka haifa bayan nan sun ɗauka haka ake ɗiban ruwa tun asali. In na ba ɗalibai labarin jarkar da ake cika wa mutum ba ya nan, kallon mai tatsuniya suke yi mini. Baba ya rasu bara, ba a rasa masu cewa ya cika nawa ba har a wurin zaman makoki.

Matar kuwa na sake ganin ta sau ɗaya, da kaka ta shekarar da abin ya faru. Ranar kasuwar Gumel ce, matata ta ce in taho mata da nono. Na tsuguna gaban wata ƙwarya ban duba mai ita ba, na miƙa roba. Sai da ta ɗage faifai ta ɗago na ga tsagar kalangun.

Ta dube ni sosai. Ta ce, "Malam ne? Ina gajiya? Yaya mai jegonka, ta gama wanka lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na san abin da ya kamata in tambaya bayan wannan, kowane yaro ya sani.

Tana zuba nonon da ludayi ta ce, "Tawa ba ta gama ba. Kwana goma sha biyu ta yi. Yaron yana nan, nonon saniya muke ba shi."

Na sha gaya wa kaina cewa ma'aikatan asibiti sun ce wankan jego ba shi ke raya mace ba, wani lokaci ma cutarwa yake yi. Na sha cewa rabin jarka ɗaya ba ta kashe mutum, kwana ne ya ƙare. Mai yiwuwa duk gaskiya ne. Bai taɓa rage mini komai ba.

Ta cika robar, ta ƙara ludayi ɗaya a kai. Ta ce, "Ga gyara. A kai wa uwar yaro ta sha, mai shayarwa ce." Na sa hannu biyu na karɓa. Ko Allah ya ji ƙanta ban iya cewa ba.

A gida matata ta dama fura da shi, ta sha ta lumshe ido. Ta ce rabonta da nono mai kyau irin wannan tun tana gidansu, ba a tsarga masa ruwa ba ko kaɗan. Ta ce in riƙe matar nan, mako mai zuwa ma wurinta zan saya.

Na ce mata to.